Halilu Mai Hoto da Gizo-gizon Inna Hasiya

Duk wanda ya taɓa neman hoton katin dantite, wato katin shaida, a Dogon Dutsi shekarun baya ya san shagon Halilu, kuma ya san bakin Halilu. Ni Usman tela na fi kowa saninsu, don shagona da nasa bango ɗaya ne, bangon kuma ba shi da kauri. A saman ƙofarsa an rubuta Foto Halilu Antarnasiyonal da shuɗin fenti, alhali iyakar tafiyarsa Dosso ce, ita ma rakiyar amarya. Amma ka zauna a fadarmu ana dafa shayi, za ka ji yadda ya ɗauki hoton zaki yana hamma, da yadda ya taɓa cewa walƙiya ta tsaya, ta kuma tsaya har ya gama.

Sai salula ta shigo gari ta cinye masa kasuwa. Amare suka koma ɗaukar kansu da kansu, shago ya zama wurin barcin rana. Ana cikin haka yayan matarsa Bushira ya aiko mata da firigo daga Gaya don ta riƙa sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Gidansu ba wuta, shagon kuwa akwai. Bushira ta roƙa, ta yi fushi, ta aiko manya, Halilu ya kafe a kan cewa sanyi yana ɓata hoto. Firigo ya zauna a tsakar ɗaki an lulluɓe shi da zani, ana kife kwanuka a kai. Ni dai Bushira nake tausayi, don ita ke riƙe da tukunyar gidan, kuma kowa ya sani in ban da mai gidan.

Wata la'asar sai ga Mubarak, saurayin da ke sayar da salula a bakin tasha, mai ɗan gemu da ɗangalallen wando. Ya zo yana nuna mana hoton wani gizo-gizo mai launi da ya ɗauka a bangon Inna Hasiya, tsohuwar da ke dama fura a bayan kasuwa.

"Duba nan, Baba Halilu," in ji shi. "Salula ta ɗai. Aparai naka ba shi iya wanga aiki, sa se sur, ba shakka."

Aparai shi ne kyamarar Halilu, kuma gara ka zagi gemunsa da ka taɓa ta. Ya karɓi salular da yatsa biyu, ya yamutsa fuska.

"Wanga shi na hoto? Kashin ƙuda dai. Ni in niɗ ɗauke shi, sai ka ƙirga idanunai ɗai-ɗai, ka ga gashin ƙahwatai."

"Baki na, Baba."

"Ran kasuwa, kahin magariba. In ban kawo ba, in ba Bushira makullin shago ta zuba ƙanƙaratta."

Bai san Bushira na tsaye a bayansa da kwanon abinci ba. Ta ajiye kwanon a hankali, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun dai ji," ta ce, ta juya ta tafi.

Washegari da hantsi ya ja ni muka je ganin abokin cinikin nasa. Muka same shi yana shan rana a jikin bangon, kusa da inda Inna ke wanke ƙoren fura. Bai kai ƙwayar wake ba. Kansa baƙi, bayansa ja da farin zane, gefensa kuma wani kore mai sheƙi, gwanin kyau. Ba ya saƙa yana irin ta 'yan uwansa. Laɓaɓawa yake yi, in ya kusa da ƙuda sai ya yi tsalle ya danne, ya koma gefe ya ci abinsa. Da muka matsa sai ya juyo gaba ɗaya ya zuba mana manyan idanunsa biyu, kamar shi ma kallo ya zo. Halilu ya miƙa yatsa, ya hau, ya zaga farce, ya leƙa tafin hannu, ya yi tsalle ya koma bango. Halilu ya yi dariya saboda cakulkuli, sannan dariyar ta tsaya.

"Usman," ya ce ƙasa-ƙasa, "abin ga ƙarami na ƙwarai."

A nan na san ya gane ya ɗebo da zafi. Mutum mai hankali da sai ya je ya ba matarsa haƙuri. Halilu kuwa ya ga tun da ba zai iya ƙara girman hoton ba, gara ya ƙara girman gizo-gizon. Kafin azahar ya sanar da fada cewa wannan ba irin na gida ba ne, cikin dilar gwanjo ya zo daga bakin teku. Da la'asar ya ce ya fi tautau sharri, don tautau fitsari kawai yake yi wa mutum ya tashi da ƙuraje, wannan kuwa tafiyarsa a kan fata ma dafi ce. Kwana bai zagayo ba sai da, a bakin Halilu, gizo-gizon ya kashe raƙumi a Geceme, kuma duk wanda gizo-gizon ya taka ba ya ganin faɗuwar rana. Mu 'yan fada muka riƙa gyaɗa kai muna "Allah shi tsare," don mun san mutuminmu, kuma rabon da mu samu abin kallo kyauta an daɗe.

Matan unguwa kuwa suka ɗauka da gaske. Aka hana yara bin lungun. Inna Hasiya ta janye ƙorenta daga jikin bango, ta kawo ɗan kasko da nono da sukari ta ajiye a gindinsa, ta yayyafa turare. Mubarak ya zo wucewa ya gani.

"Inna, mi na haka? Shirka ta hwa."

"Ɗan nan, ja da hwari da baƙi, ka taɓa ganin ƙwaro ya yi kwalliya shi kaɗai? Na doguwa na. Baƙo na, kuma gidana yas sabka."

"Ƙwaro na, Inna, halittar Allah."

"To ita doguwa wa yah halicce ta, kai?"

"Ko nono ba shi sha."

"Kai ma ran da kaz zaka gidana ba ka sha ba, amma na ba ka. Wuce ka ban wuri."

Mubarak ya wuce yana ta'awizi, kyanwar maƙwabta ta zo ta shanye nonon, Inna ta ce an karɓa.

Ranar kasuwa ta zo da zafinta. Motocin Tibiri da na ƙauyuka sun sauke mutane, ga buhunan hatsi, ga awaki, sai aka ga wani abu ya fito daga shagon hoto. Halilu ne cikin rigar ruwa har ƙasa, da safar hannu ta masu gini, da takalman roba, kansa cikin hular kwano da ya aro wurin wani mai kabu-kabu, gilashin a rufe. Kyamara na rataye a wuya. Ya ɗora mini kujerar da yake zaunar da masu hoto, ya ɗora wa Mubarak laimar haske, shi kuma ya saɓa labulen shagon, wanda aka zana teku da jirgin ruwa da itacen kwakwa. Muka ratsa kasuwa a jere, jama'a suka bar ciniki suka biyo mu.

"Ku ja baya," yake cewa daga cikin hular, muryar na fita kamar daga cikin tulu. "Wanda abin ga yat taɓa, ba ruwana da gawatai."

Da muka isa sai matsalar farko ta taso. Halilu bai taɓa ɗaukar kowa ba sai a gaban labule, gizo-gizo kuwa a manne yake da bango, ba ta inda labule zai shiga bayansa. Na ce a bar labulen. Ya ce hoto ba labule aikin masu salula ne. Dole baƙo ya sauko ya hau kujera kamar kowa. Aka kafa labule da sanduna biyu, aka ajiye kujera a gabansa, Halilu ya fito da igiyarsa mai ƙulli wadda yake auna tsakaninsa da mai hoto, ya ja ta, ya tsaya daidai ƙullin. Daga wurin, mutum ma sai ya ƙanƙance ido kafin ya ga kujerar da kyau, balle abin da zai hau ta.

"Baba, matsa kusa mana," in ji Mubarak.

"Nan nika tsayawa tun kana cikin zani."

"To murɗa wuyan aparai ɗin, shi jawo shi."

Wuyan kyamarar kuwa a naɗe yake da baƙin roba irin na masu gyaran wuta. Tun ranar da ya saye ta wani ya saita masa ita daidai fuskar mutum, shi kuma ya ɗaure don kada saitin ya gudu.

"Wanga ɗauri ba a kwance shi," ya ce. "Sirrin aiki na."

Saura a shawo kan baƙo ya hau kujera. Halilu ya ce tun da ƙuda yake ci, ƙuda za a kira. Ya sa aka shafe kujerar da fura da ɓawon mangwaro. Ƙudan rumfar mahauta suka ji labari suka zo gaba ɗaya, suka rufe kujera, suka rufe labule, suka rufe gilashin hular. Bayansu zuma ta iso. Bayan zuma sai wata akuya da aka kawo sayarwa ta tsinke igiya, ta lashe furar tas, ta ga itacen kwakwa kore shar a jikin labule ta kama ci. Kafin a janye ta ta cinye kwakwar da rabin jirgin ruwa.

Duk wannan gizo-gizo na bango yana kallo. Da ya ga abinci ya yi yawa a ƙasa sai ya sako siririn zarensa, ya sauko a hankali, ya dira a kan kujera. Jama'a suka zuba ido.

"Yawwa," in ji Halilu, ya ɗaga kyamara. "Ɗaga haɓa. Dubo ni nan. Kak ka motsa."

Gizo-gizo ya juya masa baya ya danne ƙuda.

"Malam, da kai nika. Juyo."

"Ba shi jin Hausa," in ji wani daga baya. "Daga bakin teku yah hito, yi mai Faransanci."

"Atansiyon," in ji Halilu da ƙarfi, ya danna. Haske ya walƙa, ya sake dannawa, ya sake, ya kuma. Gumi na bin gilashin hular ta ciki, ƙuda na binsa ta waje, ban yi tsammanin yana ganin ko tafin hannunsa ba. Hasken ne ya ja hankalin baƙon. Ya juyo, ya ɗaga kai, ya bi igiyar awon da aka bari a ɗaure da ƙafar kujera, yana tsalle yana tsayawa, har ya iso takalmin roba. Mu duka muna gani ya haye rigar ruwa ya zauna a bakin gilashin kyamara, yana leƙen kansa a ciki.

"Ina yat tahi?" in ji Halilu. "Duhu nika gani."

"Ga shi nan bisa aparai," in ji Mubarak.

"Wane aparai?"

"Aparai nawa gare ka?"

Halilu ya juyo da kyamarar ya kai ta daidai fuskarsa don ya duba, ya ɗaga gilashin hula. Gizo-gizo ya ga inuwa mai sanyi, ya yi tsalle ɗaya ya shige.

Abin da ya biyo baya ban san sunan rawar ba. Ya yi sama, ya yi ƙasa, ya mari hular da hannu biyu, ya yi baya-baya ya faɗa cikin teku, sanduna suka karye, labule ya naɗe shi. Mutumin da ya san sarai abin ba ya cizo, shi ne ya fi kowa ihu, don ƙaryarsa ta riga ta kama shi shi ma. Da ƙyar muka zare hular. Jama'a na gani gizo-gizo ya fito daga bayan wuyansa, ya ratsa tsakiyar kai, ya gangaro ta goshi, ya bi karan hanci, ya tsaya a kan gashin baki yana goge fuska da ƙananan hannuwansa. Sannan ya sako zare ya sauka ƙasa, ya koma bangonsa lafiya lau.

"Ya taka shi," in ji wata mata, ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi, ya taka shi."

Na ga idon Halilu ya yi wani ƙyalli, na san dabara ta zo, kuma na san ba ta alheri ba ce. Ya lissafa cewa wanda ke bakin mutuwa ba a tambayarsa hoto. Sai ya saki jiki, ya kafe ido, ya fara shure-shure.

"Dahi ya kama ni," ya ce da 'yar murya. "Ku shaida, haɗarin aiki na. Maganar makulli a ɗaga ta hal in warke, in ana warkewa."

Aka ɗauke shi aka shimfiɗe a rumfar Inna Hasiya. Mata na salati, maza na ba da shawara, kowa da maganinsa. Wani ya ce in maciji ya sari mutum sama da wurin ake ɗaurewa. Mubarak ya duba da fuskar tausayi ya ce tun da a ka ne, sai dai a ɗaure wuya. Har an kawo igiyar awon, mara lafiya ya farfaɗo ya ce dafin ya riga ya wuce wuya. Aka fasa masa ɗanyen ƙwai a baki. Inna ta jiƙa ɓawon maɗaci a ƙwarya, ta toshe masa hanci ta ɗura, ya haɗiye yana hawaye. Ta kawo kaskon wuta ta zuba turare da barkono kaɗan, ta lulluɓe shi da bargo a cikin wannan zafi, ga rigar ruwa ba a cire ba.

"Yi haƙuri, uwar gida," take cewa tana fuskantar bango. "Yaro na, bai san hannunai ba. Hoto yaz zaka ɗauka, ba raini na ba."

"Inna, ki bar kiran wanin Allah," in ji Mubarak.

"Kai riƙe mani ƙahwahunai ka yi shiru."

Ya kuwa riƙe, da ƙarfi ma. Halilu na atishawa a cikin bargo, ni ina ta fifita wutar don kada ta mutu, saboda maƙwabtaka.

Aka aika a kira Bushira. Ta zo ba gudu ba, ta ɗaga gefen bargo ta leƙa mijinta, ta daɗe tana kallo.

"Sannu, mai gida. Ƙaƙa jikin?"

"Bushira, ki yahe mani. Rana na hwaɗuwa ni ma na tahi."

"Allah shi sawwaƙe. An kira wanzami?"

Ba wanda ya tuna da wanzami sai ita. Aka yi sa'a Altine wanzamin Tibiri ya zo cin kasuwa, tsoho mai sanyin magana da kaifin aska. Ya iso da zabirarsa, ya zauna, ya jera ƙahoni a kan tabarma, ya fara wasa aska a tafin hannu.

"Ina da ina yat taka?"

Jama'a suka nuna masa hanya tun daga ƙeya har gashin baki, kowa na ƙara tasa kwana.

"To," in ji Altine. "Dahin da ka bin hwata, sai an bi sawunai. A aske, a tsattsaga, a kahwa ƙaho. Ku riƙe shi."

Ƙarti huɗu suka danne. Altine ya jiƙa kan, ya ja aska tun daga ƙeya har goshi, ya buɗe hanya fetal a tsakiya, ya ƙara share gefen dama don ƙaho ya samu wurin zama. Halilu ya daure, don gashi yana tsirowa. Aka zo gashin baki, wanda yake murzawa da man shanu kowace safiya, aska ta ɗauke rabi. Nan ma ya daure, sai dai hawayen wannan karon ba na maɗaci ba ne. Sannan Altine ya ajiye babbar aska, ya zaro 'yar ƙarama mai tsini, ya kama karan hancin da yatsa biyu.

"Nan za mu hwara. Tsaga bakwai bisa hanci, sauran bisa kai."

"Na ji sauƙi," in ji Halilu.

"Sauƙin mutuwa na," in ji Mubarak. "Haka raƙumin Geceme yac ce."

"Walle na warke."

"Kai da bakinka kac ce ba a warkewa. Baba Altine, bisimilla."

Tsinin aska ya taɓa fata. Halilu ya yi wata zabura da ta watsar da ƙartin nan huɗu, ya miƙe tsaye a tsakiyar rumfa, bargo a kafaɗa.

"Ba shi da dahi. Ku saurara, jama'a, ba shi da dahi. Ba shi cizo, ba shi hitsari, ƙuda ɗai shika ci. Bisa yatsana yay yi yawo, Usman na shaida. Ba wani raƙumi, ba wata dila. Ni niƙ ƙaga."

Inna Hasiya ta dubi kaskon nononta, ta dubi Halilu.

"Kwana nawa ina ba ƙwaro sukari," ta ce, ta ɗauki ludayi. Sai da mutum biyu suka shiga tsakani.

Dariya ta ɓarke tun daga rumfar har bakin mahauta. Altine ya mayar da ƙahoninsa cikin zabira yana cewa shi dai aski ya yi, kuma ba a barin aski rabi, Halilu ya ce a bar masa haka. Rana ta yi ƙasa, ta fara ja a kan dutse. Bushira ta gyara mayafi.

"Tun da an warke, sai a nuna muna hoto."

Wani mutum da sai ya sunkuyar da kai ya wuce gida. Halilu ya murza rabin gashin bakin da ya rage, ya kunna kyamara, jama'a suka yi masa rumfa. Hoton farko teku ne da gindin akuyar da ba a gama janyewa ba. Na biyu kujera ce can nesa, ƙuda sun yi mata hula. Na uku baƙi ƙirin. A na huɗu ya tsaya, ya buga ƙirji, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan ɗigo baƙi sama da kujerar.

"Ga shi. Cikin iska nik kama shi, shina tsalle. Salula ta yi wanga in gani."

"Ina idanun?" in ji Mubarak.

"Ya runtse. Haske ya yi mai yawa."

Har wasu sun fara cewa a yi masa adalci, ɗigo dai ga shi nan. Mubarak ya karɓi kyamarar ya matsa hoton baya. Ga ɗigon a kan gindin akuya, daidai wurin. Ya ƙara matsawa, ga shi a hoton wani ɗan makaranta da aka ɗauka tun watan jiya, a tsakiyar goshi. Ya ƙara, ga shi a goshin wani ango. Datti ne ya shige cikin kyamarar ya zauna, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Wata mata mai tumatir daga Geceme, Sa'adatu, ta kutso ta leƙa, sai ta kwance bakin zani ta fito da katinta.

"Ashe kai na. Dubi goshina cikin dantite. Ko'ina nit tahi sai an dube ni an dubi kati, a ce ina tabon yat tahi. Da nit tambaye ka, mi kac ce mani?"

Halilu ya kau da kai, ita kuwa ta ɗaga katin sama.

"Cewa kay yi hasken sallah na."

Nan fa kowa ya shiga laluben aljihu. Mai kabu-kabun da ya ba da aron hula ya fito da nasa, ga tabo. Altine ya fito da nasa, ga tabo. Ni ma na duba nawa, abin da na daɗe ina ɗauka tawada ce. Rabin kasuwar Dogon Dutsi ashe da tambari ɗaya muke yawo a goshi, kuma kowa an gaya masa wani abu dabam. A lokacin ne ladan ya ɗaga murya, rana ta faɗa bayan dutse, mai mutuwa yana tsaye da ƙafafunsa.

Bushira ta miƙa hannu.

Na ji tausayinsa a nan, ba zan ɓoye ba. Shagon nan shi ne duk abin da yake taƙama da shi, kuma ya san in makulli ya bar hannunsa ba mai sake kiransa mai hoto. Ya laluba aljihun rigar ruwa na dama, ya laluba na hagu, ya cire takalmin roba ya zazzage, ya leƙa cikin hular kwano.

"Ya hwaɗi," ya ce. "Wurin haɗarin ga yaɓ ɓace. Sai an nema. Ƙila gobe, ƙila bayan kaka. Magana ba makulli kuwa ba ta tabbata ba."

"Haka na," in ji Bushira. "Ka wahala yau. Sha ruwa tukuna."

Ta zaro ƙullin ruwa a leda daga ƙarƙashin mayafi ta ba shi. Mutumin da ya wuni cikin roba da bargo da hayaƙin barkono bai tsaya tambaya ba, ya huda da haƙori ya kafa kai. Sai da ya sha rabi ya tsaya, ya ɗaga ledar yana kallon 'yar ƙanƙarar da ke yawo a ciki.

"Ina kinka samu ruwa mai sanyi haka?"

"Shagona. Ga ƙohwa kab bar makulli sanda kaka jan labule. Tun da hantsi anka kai firigo bisa amalanke."

"Tun da hantsi? Ai lokacin ko hoto ɗai ban ɗauka ba."

"Na san mijina," in ji Bushira.

Halilu ya dubi ledar, ya dubi matarsa, ya dubi jama'a, kai rabi a aske. Ya buɗe baki zai yi magana, ƙishirwa ta fi ƙarfinsa, ya mayar da ledar baki ya shanye sauran.